Waiwaye: Tsakanin 41.5 Da NaN, Wace Ce Babba?

Kwana da kwanaki ɗalibai masu koyon rubuta manhaja a Yalwa, cikin Bauchi, suna tafka musu a teburin mai shayi. Ɗayansu ne ya haɗa na'urar auna zafi, ya ce wa Python, yaren rubuta manhajar da suke koyo, ta zaɓo masa babba tsakanin 41.5 da wani awo da na'urar ta kasa ɗauka. Ta ba shi 41.5. Da ya juya jerin, sai ta rubuta "nan", kai ka ce wuri take nuna masa. Wasu suka ce yaren ne ya lalace. Rigimar ta girmi kowa a teburin.

A 1985 IEEE 754, ƙa'idar da kwamfuta ke bi wajen lissafin lambobi masu ɗigo, ya tanadi NaN, wato "ba lamba ba ce", don irin sifili raba sifili. Duk abin da ka gwada ta da shi, ba ta fi shi ba, ba ta gaza ba, ba su yi daidai ba. Python kuwa tana riƙe ta farko har sai wata ta fi ta. Shi ke nan sirrin.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1999, lokacin da fmax, umarnin zaɓo babba tsakanin lambobi biyu, ta shiga yaren C. Ita tana ɗaukar NaN a matsayin gurbi, bayanin da bai iso ba, sai ta tsallake shi ta ba ka lambar da ke hannu. Takwararta Math.max ta yaren Java kuma NaN take mayarwa. Kowacce da hujjarta. Mai auna buhunan masara a Gombe, in sikeli ya ƙi karanta buhu ɗaya, zai ajiye shi gefe ya ci gaba. In kuwa lissafin kansa ne ya ɓaci, ɓoyewa cuta ce. Gara a ga ɓarnar tun da wuri. A ganina nan gizo ke saƙar: alama ɗaya ta wayi gari tana ɗauke da ma'ana biyu, "babu" da "an yi kuskure", kuma na'ura ba ta san wadda kake nufi ba.

Gyaran da aka yi wa IEEE 754 a 2008 ya bi hanyar fmax da wani umarni mai suna maxNum. A 2019 aka cire maxNum, aka raba aikin biyu: maximum mai mayar da NaN, da maximumNumber mai tsallake ta. Yaron Yalwa dai ya ƙara layi ɗaya, math.isnan, mai duba ko awon NaN ne, kafin gwajin, shayinsa kuma ya riga ya huce.