Ma'anar "Lafiyar Batir": Kashi 100 Ɗin Da Ba Ya Kai Azahar

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya shigo mini rannan da kwamfutar tafi-da-gidanka, okaziyo ce, wato ta hannu, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai, ransa a ɓace. "Kawu, duba mini abin nan. Na cika ta fal da safe, ko awa ɗaya da rabi ba ta yi ba ta mutu." Wanda ya sayar masa ya rantse batir lafiya lau, har ya nuna masa kashi 100 a allo. Bai yi ƙarya ƙiri-ƙiri ba, amma ba abin da ya kamata ya nuna ba ke nan.

Lambar nan ta ƙasan allo cikar batir kawai take faɗa. Lafiyar batir kuwa ita ce yawan wutar da yake iya riƙewa yau, idan aka gwada da wadda yake riƙewa ranar da ya baro masana'anta. Kamar randa ce da laka ta daɗe tana kwanciya a gindinta: ka zuba ruwa har baki, ido ya ga ta cika, amma kafin azahar moɗa ta soma kartar ƙasa.

Ana iya leƙa gindin randar. A Windows, ka buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoto. Lambobi biyu za ka nema: abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da abin da yake ɗauka yanzu in ya cika, duka a mWh, ma'aunin yawan wutar batir. Ta yaron nan 45,000 ce ta farko, ta biyu 27,000. Raba ta biyu da ta farko: kashi 60. Ita ce lafiyarsa. Duk mai shirin sayen okaziyo a Yamai, minti biyu ya ishe shi yin wannan gwaji a gaban mai kaya, kafin jikka ɗaya ta fita daga aljihu.

Me ke tara lakar? Batiran nan na lithiyom, waɗanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, suna tsufa ne da zagayen caji. Zagaye ɗaya ba yana nufin jona caja sau ɗaya ba. Ka sha rabi yau ka cika, gobe ka sha rabi, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce sababbin MacBook an yi su su kai zagaye 1,000 da kusan kashi 80 na ƙarfinsu. Yawancin batiran masu araha tun daga 300 zuwa 500 suke fara sanyi.

Amma mu a nan, zafi ne babban ɓarawon. Shi Apple ɗin ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir, ragin da ba ya dawowa. To ina 35 a Yamai cikin Afrilu da Mayu, lokacin da 40 ma muna wuce ta da rana? Sai kuma a ɗora kwamfutar kan katifa, a toshe mata kafofin shan iska, ƙurar hunturun bara na nan danƙare a fankarta, caja a jone, batir a cike. Cika da zafi in suka haɗu, su ne suka fi cin batirin lithiyom. Ɗora ta kan tebur ko faranti, kai ta a busa mata ƙura, kada ka bar ta cikin mota ko akwatin babur da rana. Idan kuwa ka ga wurin da ake goga yatsa ya tasa sama, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura. Wannan ba na lallaɓawa ba ne, a cire shi.

Lenovo, Asus da Dell suna da wurin da za ka hana batir cika, ya tsaya a kashi 60 ko 80, kuma da gaske yana ƙara masa kwana. Sai dai wanda ya tsara wannan shawara bai san ɗaukewar kuran ba, wato wutar lantarki. Duk wanda ya zauna garin nan a Agustan 2023, da Najeriya ta katse layin wuta, ba zai yarda ya tsaya a 60 ba alhali wuta na nan. Ni dai 80 nake sa tawa, in zafi ya shigo aka fara yawan ɗaukewa sai in sake ta ta cika. Aikin yau ya fi mini batirin baɗi.

Rage hasken allo, kashe Bluetooth, kunna yanayin tattalin wuta, rufe shafukan intanet ashirin da ka bari buɗe: duk waɗannan rage sha ne, ba sa kwashe laka. Haka ma cire tsohon faifan ajiya mai juyawa sau 5,400 a minti a sa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa. Yana rage cin wuta kaɗan, kwamfuta ta yi sauri sosai, amma kashi 60 na nan a 60. Ƙarin RAM kuwa, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, kada mai gyara ya sayar maka da shi da sunan batir.

Abin da ke maido da lambar sama sabon batir ne kawai, shi ma a duba lambar samfurin da ke jikin tsohon, a kuma sake gwajin nan bayan an sa, don akwai wanda ya shekara uku a shago ana kiransa sabo. Yaron ya ce kuɗin bai kama ba tukuna. Ya rage haske zuwa rabi, ya samo katako ya ɗora ta, yanzu tana kai shi awa biyu da ƴan mintoci, kuma a aji yana rigegeniyar kujerar da ke kusa da soket.