Waiwaye: Dokokin Jihar Texas Kan Raya Yankin Iyakarta da Mekziko

Iyakar jihar Texas ta Amurka da ƙasar Mekziko ta kai mil 1,254, tana bin kogin Rio Grande tun daga El Paso har zuwa Brownsville kusa da bakin teku. Manyan motocin dakon kaya ba sa yankewa a kan gadojin garin Laredo, amma gundumomin yankin sun daɗe suna cikin jerin waɗanda suka fi talauci a Amurka. Galibin dokokin da majalisar jihar ta kafa don raya yankin da horar da ma'aikatansa sun biyo bayan ƙorafi ne a kan wannan giɓi.

Bayan da Amurka ta soke shirin Bracero na ɗaukar 'yan ƙwadagon gona daga Mekziko a 1964, sai Mekziko ta buɗe ƙofa a 1965 ga masana'antun harhaɗa kaya da ake kira maquiladora. Masana'antun suka zauna a can ƙetaren kogi, ɓangaren Texas kuwa ya samu rumbunan ajiya da aikin tuƙi, sai ɗinkin tufafi da ya riƙe dubban iyalai a El Paso. Ayyuka ne da ba sa neman karatu mai zurfi, hukumomin jihar kuma ba su ga wani dalilin gaggawar kai manyan makarantu can ba.

Kotu ce ta fara motsa lamarin. A 1987 lauyoyin ƙungiyar MALDEF, mai kare haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Mekziko a kotu, suka shigar da ƙara a madadin ƙungiyar LULAC, mai fafutukar haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Latin Amurka, da wasu, suna cewa gundumomi 41 na yankin iyaka suna ɗauke da kusan kashi 20 cikin 100 na al'ummar jihar, amma abin da suke samu daga kuɗin ilimi mai zurfi bai wuce kusan kashi 10 ba. Tun shari'ar ba ta ƙare ba, a 1989 majalisa ta shigar da Jami'ar Pan American da ke Edinburg cikin rukunin Jami'ar Texas, jami'o'in Laredo da Kingsville da Corpus Christi kuma suka koma ƙarƙashin rukunin Texas A&M. A 1992 alƙali Benjamin Euresti na Brownsville ya yanke hukuncin cewa tsarin rabon ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar. Kotun ƙolin Texas ta rushe hukuncin a 1993, sai dai a wannan shekarar ce majalisa ta ware kimanin dala miliyan 460 don jami'o'in yankin, ta kuma kafa kwalejin al'umma a McAllen. Masu ƙarar sun faɗi a kotu, amma da wuya a ce kuɗin zai fito da ba a kai ƙarar ba.

Sai ga yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Mekziko a 1994, darajar kuɗin peso na Mekziko kuma ta faɗi warwas a Disambar shekarar. Kamfanonin ɗinki suka riƙa rufewa a El Paso, aka sallami mata masu yawa waɗanda suka shafe shekaru a kan keken ɗinki, da Sifaniyanci kaɗai a bakinsu kuma ba takardar kammala sakandare. A 1995 majalisa ta haɗe shirye-shiryen horaswa da ke warwatse a ƙarƙashin Hukumar Ƙwadago ta Texas, wadda yanzu take aiki ta kwamitocin yankuna 28, aka kuma kafa asusun da ke biyan kwalejoji su horar da mutane daidai da bukatar kamfanin da ya nema. Tsari ne mai kyau inda kamfanoni suke da yawa. A gundumar da babban mai ɗaukar aiki shi ne makarantar gwamnati ko asibiti, amfaninsa taƙaitacce ne.

Gyaran da ya fi nauyi ya jira har 2013, lokacin da doka ta haɗe jami'o'in Edinburg da Brownsville ta kafa Jami'ar Texas ta Kwarin Rio Grande. Ta buɗe a 2015, sashen koyar da likitanci ya ɗauki ɗaliban farko a 2016. Dokar ta kuma ba ta damar cin moriyar asusun dindindin na jami'o'i, wanda kuɗin man fetur na filayen yammacin Texas ke cikawa, asusun da Jami'ar Pan American ba ta taɓa samun kaso a ciki ba duk da shigarta rukunin tun 1989.