Bayan hatsari a masana'anta: wa zai bincika, me zai nema?

An kai wanda ya ji rauni asibiti, an biya kuɗin magani. Tsautsayi ne, me za a tsaya bincikawa?

Mu Hausawa muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ba mai musun ƙaddara. Sai dai an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Idan injin niƙa ya cinye yatsun wani a unguwannin masana'antu na Sharaɗa ko Bompai a Kano, gobe wani ne zai tsaya a gaban injin nan. In ba a gano abin da ya jawo ba, layi kawai ake bi.

Su wa ya kamata a horar kan binciken hatsari?

Shugabannin sashe, masu gyaran inji, wakilin ƙungiyar ma'aikata, da wasu daga cikin leburorin da hannunsu ke kan aikin kullum. Jami'in kiyaye haɗura shi kaɗai ba zai iya ba. Kuma kuskure ne a bar shugaban sashen da abin ya faru ya jagoranci binciken, don ba a sa kura tsaron akuya.

Me ake koya musu?

Da farko ceton rai da kashe inji. Sai a killace wurin kada a share ko a gyara komai, a ɗauki hotuna, a rubuta lokaci, a duba littafin gyaran injin. Shaidu kuwa ana ganawa da su ɗaya bayan ɗaya, ranar da abin ya faru in da hali, kafin hira ta haɗa bakinsu. Nan ne horon ya fi wuya. Wanda aka ce wa "wa ya sa ka?" zai kama bakinsa don tsoron sallama. Wanda aka ce wa "Malam, nuna min yadda ka saba yin aikin" zai faɗi abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Idan ma'aikacin ne ya yi sakaci fa?

A ganina "sakacin ma'aikaci" shi ne rahoton malalacin mai bincike. A kamfanin Toyota aka shahara da dabarar tambayar "me ya sa?" har sau 5. Me ya sa hannunsa ya shiga? An cire murfin kariya. Me ya sa? Injin na yawan toshewa. Me ya sa ba a gyara ba? An ƙi tsayar da aiki saboda oda ta yi yawa. Ka ga zancen ya tashi daga lebura ya isa ofishin manaja.

A ranar 6 ga Yulin 1988, dandamalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun da ke arewa maso gabashin Scotland ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare ba, suka kunna famfon. Binciken da alƙali Lord Cullen ya jagoranta ya gano cewa tsarin takardar izinin aiki da miƙa aiki tsakanin masu aikin rana da na dare ne ya lalace tun tuni.

Doka ta ce wani abu?

A Najeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikacin da ya ji rauni ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, wanda ya ɗauke shi aikin kuma ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke kula da biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 7.

An rubuta rahoto, sai me?

Kowace shawara a sa mata sunan mai aiwatarwa da ranar gamawa, a kuma koma a duba. Sauya injin ko yi masa murfin da zai kashe shi da zarar an buɗe ya fi raba safar hannu da manna gargaɗi a bango. Abin da ya kusa zama hatsari ma, kamar buhun da ya faɗo bai sami kowa ba, a rubuta shi a bincike shi, kuma kada a hukunta wanda ya kawo rahoton.