Inabi da tuffa cikin sanyin Kebek: yadda ƙananan gonakin iyali suke rayuwa

A kudancin lardin Kebek na ƙasar Kanada, musamman kewayen garuruwan Dunham da Rougemont da tsibirin Orléans, akwai iyalai masu ƙananan gonaki da suke noma inabi da tuffa, su matse su da kansu, su sarrafa ruwan ya zama abin sha. Yawancin abin da suke yi giya ce, wadda Musulunci ya haramta, ko da yake suna sayar da ruwan tuffa marar sa maye da sauran kayan gona. Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne dabarar noman da ke bayansa.

Ta yaya inabi yake rayuwa a inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili?

Inabin daji ya daɗe a yankin, domin a shekarar 1535 matuƙin jirgin ruwa na Faransa Jacques Cartier ya tarar da shi birjik a tsibirin Orléans. Matsalar tana ga inabin Turai, wanda idanunsa sukan mutu idan sanyi ya zarce kimanin digiri 20 zuwa 25 ƙasa da sifili. Saboda haka manoma suka bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce shuka irin da aka haɗa tsakanin inabin Turai da na dajin Amurka, kamar Frontenac da Jami'ar Minnesota ta fitar a 1996, da Marquette da ta fitar a 2006, waɗanda suke jure sanyin da ya wuce digiri 30. Ta biyu kuwa ita ce rufe itacen kafin hunturu. A ƙarshen kaka, bayan an gama girbi, manomi yakan datse rassan, sannan ya bi layi da tarakta yana yi wa gindin huɗa har ƙasa ta binne shi, kamar yadda ake yi wa dawa, sai dai a nan ana binnewa ne don ɗumi. Idan bazara ta zo sai a yaye ƙasar a hankali, domin garmar da ta kauce kaɗan tana iya karya itacen da aka yi shekaru ana reno. Wasu a yau sun fi son lulluɓe layukan da wani kauri-kaurin mayafi, dusar ƙanƙara kuma ta zo ta ƙara rufewa.

Yaushe sana'ar ta fara?

Ba ta daɗe ba. An dasa gonar inabi ta Côtes d'Ardoise a Dunham a 1980, sai ta l'Orpailleur a 1982. Giyar tuffa ta fi tsufa, amma dokar barasa ta 1921 ba ta ambace ta ba, don haka sayar da ita ya zauna a bayan doka har zuwa 1970.

Mene ne abin da suke kira giyar tuffa ta ƙanƙara?

A nan ne sanyin da ke kashe itace ya zama jari. Christian Barthomeuf, ɗan asalin Faransa da ya zauna a Dunham, shi ne ya ƙirƙiro ta a wajajen 1990. Asalin dabarar mai sauƙi ce: ruwa yakan daskare kafin sukari. Mafi yawan masu yi sukan ajiye tuffar kaka, su matse ta a tsakiyar hunturu, su zuba ruwan a manyan mazubai a waje. Bayan ya daskare, sai a bar ɓangaren mai zaƙi da kauri ya tsiyayo, ƙanƙarar kuma a bar ta a baya, sannan a sa abin da aka samu ya tsima na tsawon watanni. Hanya ta biyu ta fi wahala, domin ana barin tuffar a kan bishiya har watan Janairu, iska da sanyi su busar da ita ta yamutse ta yi launin ƙasa-ƙasa, a tsinke ta da hannu cikin safar hannu, a matse ta tana daskare. Abin da ke fitowa ɗan kaɗan ne, shi ya sa ake zuba shi a siririyar kwalba mai cin mililita 375, farashinsa kuma yana da tsada. Inabin ƙanƙara ma haka ake yi masa, ba a matse shi sai sanyi ya kai aƙalla digiri 8 ƙasa da sifili. A 2014 gwamnatin lardin ta ba wa waɗannan kayayyaki biyu kariyar suna, ta yadda wanda ya daskarar da ruwansa a firiji ba shi da ikon amfani da sunan.

Me ya sa ba sa sayar da ɗanyen amfanin gona kawai?

Domin ƙaramar gona ba za ta iya gogayya da manyan gonaki a farashin ɗanyar tuffa ba. Wanda ya sarrafa, ya kuma sayar a ƙofar gonarsa, shi ke riƙe ribar da dillali zai ci. A watannin Satumba da Oktoba mutanen birnin Montiriyal sukan fito da 'ya'yansu su tsinki tuffa da hannunsu su biya, kuma cinikin waɗannan 'yan makonni yana ɗaukar babban kaso na nauyin shekara. A ganina wannan shi ne ginshiƙin sana'ar, fiye da kowane irin shuka. Babban kaso na cinikin barasa a lardin yana hannun kamfanin gwamnati mai suna SAQ, amma tun 2016 doka ta ba ƙananan masu sarrafawa damar kai kayansu shagunan kayan abinci.

Wane haɗari ne ya fi damunsu?

Sanyin tsakiyar hunturu an san maganinsa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na watan Mayu, wanda kan sauko dare ɗaya bayan toho ya fito. A irin wannan dare iyali sukan kwana a gona suna kunna wuta tsakanin layuka, masu hali kuma su tayar da manyan fankoki da ke janyo iska mai ɗumi daga sama zuwa ƙasa. Akwai kuma ƙarancin ma'aikata, wanda ya sa gonaki da yawa suke dogara da leburorin da ke zuwa daga Meziko da Gwatamala kowace shekara, su koma gida bayan girbi.