Abin da rajistar asibiti ke gaya mana kan cututtukan damina da rani

Aikina haɗa rahoton mako-mako na ƙananan asibitoci a wata gunduma kusa da Marwa, a ƙasar Kamaru. Tambayoyin nan su jama'a da ma'aikatan asibiti ke ta maimaita mini. Ga amsa, kowa ya karanta.

Me ya sa ake rubuta duk wanda ya zo asibiti?

Don a ƙirga. Ana tura adadin zuwa gunduma, a shigar da shi manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, ma'aikatar lafiya a Yawunde ta gani.

Har da sunana?

Hajiya, kwantar da hankalinki, rahoton mako adadi ne kawai. Irin su kwalara da ƙyanda ne ake cika wa takarda daban, don a bi gida a kare sauran iyali.

Wace cuta ce ta wane lokaci?

Zazzaɓin cizon sauro da damina, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Sanƙarau daga hunturu zuwa bazara, sai ruwa ya sauka yake lafawa. Ƙyanda da rani. Amai da gudawa kuwa mun fi tsoronsa in kogin Logon ya cika ya shiga garuruwan Yagwa da Kusiri.

Tunda an san lokutan, ƙirgan na mene ne?

Haba ɗan uwa! Da me aka san su in ba da ƙirgan ba? Shi ya nuna cewa zazzaɓinmu na 'yan watanni ne, shi ya sa tun 2016 ake bi gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya da damina. Masu ɓoye yara in an zo rabo, ku ji tsoron Allah.

Masu zazzaɓi sun ninka a asibitinmu wannan mako. Annoba ce?

Mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Kada ka gwada da makon jiya. Buɗe tsoffin rajista ka duba wannan makon a bara da bara waccan. Ninki a Satumba ba abin mamaki ba ne, amma a Fabrairu sai a tsaya a duba. Sannan ka tambayi kanka: an kawo magani kyauta ne jama'a suka ji labari? Asibitin maƙwabta ya rufe? Baƙi sun sauka, 'yan gudun hijira ko makiyaya? Kayan gwajin jini sun ƙare, ana rubuta kowane zafin jiki a matsayin na sauro? Ko ɗaya daga ciki na iya kumbura adadi alhali cutar ba ta ƙaru ba. Ni raguwa ma ta fi tayar mini da hankali, domin sau da yawa ruwa ne ya yanke hanya, marasa lafiya na kwance a gida.

Amma wannan nazari ba na kowace cuta ba ne. Sanƙarau na da ma'auninsa: mutum 3 cikin 100,000 a mako guda gargaɗi ne, 10 kuwa annoba. Kwalara ko mutum ɗaya ka zarga, buga waya gunduma nan take, kada ka jira ƙarshen mako.

Ba mu ga kowa ba wannan mako, sai mun turo?

Ku turo, ku rubuta 0. Gurbin da aka bari fayau ba ya gaya mini lafiya kuke ko mantawa kuka yi.