Waiwaye: Yadda Gonaki Suka Kai Bakin Dajin Yankari

Duk kaka, da dawa ta fid da kai a ƙauyukan Duguri, Pali da Gwana, sai maganar giwayen Yankari ta sake tashi. Manomi na kukan ɓarna, masu kare daji na tunasar da cewa garken bai wuce 100 zuwa 150 ba, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya. Ba jiya aka fara ba.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, ya dawo wa jihar Bauchi a 2006. Wannan sananne ne.

Abin da ake mantawa shi ne 1983 da 1984. Annobar cutar dabbobi da ake kira bushiya ta karkashe shanu a Arewa, ta shiga Yankari ta kwantar da ɓakane da gadu. Ga kuma fari. Makiyayin da ya tsira da 'yan shanunsa ya gangaro kudu neman ciyawa, kogin Gaji kuwa ba ya ƙafewa ko da rani. Wanda ya rasa garke ya kama fartanya. Saurar da ke tsakanin gari da daji, wadda giwa ke ratsawa da damina ba ta taɓa hatsin kowa ba, aka yi ta sharewa shekara da shekaru, burtali ya tsuke, har kunyoyin dawa suka kai bakin iyaka. A ganinmu nan ne tushen matsalar. Babbar giwa kan ci kusan kilo 150 a rana, ta yaya za ta wuce masara mai goyo a kan tsohuwar hanyarta?

Bayan da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin kula da dajin tare da gwamnatin jiha a 2014, an zaɓi masu gadin giwa daga cikin mutanen ƙauyukan, suna buga waya ga 'yan sintiri da zarar sun ga sawu ko sabon kashi.

Sauran dabarun kowace da rauninta. Buga gwangwani da kunna wuta na aiki, amma giwa na sabawa da su. Ana cuɗa dakakken barkono da kashin shanu, a shanya, a ƙona da dare. In iska ta juya, hayaƙin kan mai gona yake komawa. Shingen zuma ya fi ɗorewa: a rataye amya duk bayan mita 10, a haɗa su da waya ɗaya, giwa na taɓawa ƙudan su tashi. Sai dai in ba a ajiye musu ruwa da inuwa da rani ba, kafin damina sun watse.