The Soundhouse Tapes

The Soundhouse Tapes shi ne faifai na farko da Iron Maiden, ƙungiyar kiɗan heavy metal (wani nau'in kiɗan rock mai ƙarfin sauti) ta Ingila, ta fitar. Ya fito ran 9 ga Nuwamba 1979, ƙaramin faifan garmaho ne mai inci 7, waƙa uku kacal a ciki, wato Iron Maiden, Invasion da Prowler. Kwafi 5,000 aka buga.

Ɗauka

Steve Harris mai jitar bass ne ya kafa ƙungiyar a gabashin Landan ƙarshen 1975, sun yi shekaru suna wasa a mashaya ba kamfanin da ya kula su. Sai ƙarshen Disamba 1978, wajen 30 zuwa 31 ga wata, suka tafi situdiyon Spaceward da ke Cambridge suka ɗauki waƙa huɗu a kan kuɗi kamar fam 200. Paul Di'Anno ke waƙa, Dave Murray jita, Doug Sampson ganga. Ance basu da cikon kuɗin karɓar asalin tef ɗin a ranar, ko da suka dawo daga baya an riga an goge shi an ɗora wani aiki a kai, dan haka kaset ɗin da suka tafi da shi gida shi kenan abin da ya rage, ba damar gyara sauti. Shi yasa faifan ke da ƙara-ƙara, kuma masoyan a haka suke son abinsu.

Akwai saɓani kan ko Paul Cairns ya kaɗa jita ta biyu. Sunansa baya jikin faifan.

Asalin sunan

Harris ya kai kaset ɗin wa Neal Kay, DJ a wani gidan rawa da ake kira Bandwagon Heavy Metal Soundhouse a Kingsbury, arewa maso yammacin Landan. Kay ya riƙa sakawa, samari suka riƙa neman a maimaita musu, har Prowler ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin gidan wanda jaridar Sounds ke bugawa. Daga nan sunan ya samo.

Fitarwa

Da kansu suka buga ƙarƙashin Rock Hard Records, ana oda ta gidan waya, kusan 3,000 suka tafi a satin farko. Manyan shaguna irin su HMV da Virgin sun nemi a buga musu dubbai amma manajansu Rod Smallwood ya ƙi, wai na masoya na asali ne. Waƙa ta huɗu, Strange World, an cire ta saboda sautin bai yi musu ba, sai a 1996 wannan ɗaukar ta fito cikin Best of the Beast, albam ɗin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu. Kafin 1979 ta ƙare kamfanin waƙoƙi na EMI ya ɗauke su, albam ɗinsu na farko ya fito Afrilu 1980.

A yau

Na asalin yana tsada sosai wajen masu tara faifai, jabu kuma sun cika kasuwa.